Jinin Tsohuwa da Sunan Direba

Ku da kuke zuwa koyon awon jini yanzu, da farar riga mai guga da waya a aljihu, na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa aikin labo ai na'ura ce ke yi, Tanti Rabi kuwa sai surutu. A zuba jini, a danna maɓalli, takarda ta fito, a miƙa wa mai ita. Ba na jin haushinku, don ni ma haka na ɗauka da na fara. Shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin awo na wani ƙaramin asibiti a nan Gaya, kuma zan ba ku labarin ranar da na danna maɓallin daidai, na'ura ta yi aikinta daidai, amma saura kaɗan mu halaka wata tsohuwa.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wankin kwalabe. Wata uku cur ina wanke ƙananan kwalaben jini da buroshi mai siririn baki, in ɗauraye sau uku, in kife su a kan tsumma. Wanda ya koya mini aiki, Baba Sule, dogo ne ramamme mai tabarau ɗaure da zare, kuma ba ya yabon kowa. Yakan ɗaga kwalba ya duba ta a hasken taga, idan ya ga alamar sabulu ko ɗis, sai ya mayar da dukan tiren cikin ruwa. Daga wanki aka ƙara mini girma zuwa juya injin tace jini. Na hannu ne, a manne da bakin tebur, sai ka yi ta murɗa shi har jan ya kwanta a ƙasa, ruwan mai kalar man gyaɗa ya taso sama. Har yau damtsena na dama ya fi na hagu kauri.

Ranar da ya fara barina in auna da kaina, na ɗauko kwalba cike da zumuɗi, sai ya dafa hannuna.

"Rabi, jinin wa na wanga?"

Na karanta masa sunan da ke jiki.

"Suna na tambaye ki? Namiji na ko mace? Yaro ko tsoho? Mai jiki ko ramamme? Ya ci abinci ko bai ci ba?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to in ajiye, in je ɗakin kwanciya in ga hannun da aka ɗebo jinin, sannan in dawo. Na tafi ina gunaguni a zuci, ina cewa tsohon nan dai so yake ya wahalar da ni. Shekara biyu ina wannan zirga-zirga tsakanin labo da gadaje kafin in gane dalilinsa.

Dalilin kuwa shi ne jinin mutum yana tafiya da shekarunsa da jinsinsa. Ku ɗauki kireyatinin, wato dattin da tsoka ke fitarwa, ƙoda kuma ta tace shi ta zubar a fitsari. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a bakin duwan, wato kwastan, tsoka ce ta cika jikinsa, nasa zai fito sama-sama alhali ƙodarsa garau take. Tsohuwar da ta rage fata da ƙashi kuwa, nata a ƙasa ya kamata a same shi. Idan lambarta ta kamo ta ɗan dako, to ƙodarta ta gaji ke nan, ko da lambar ba ta tsorata kowa ba. Haka gishirin nan da ke kumbura wa Alhazai babban ɗan yatsan ƙafa: ya fi yawa ga maza, mace kuma yana kwance a jininta har sai ta daina ganin al'ada, daga nan ya fara hawa. Maiƙon jini ma haka yake yi wa mata. Sukari yana ɗan ɗagawa da tsufa. Jan jini na namiji ya fi na mace kauri. Ba a lakwal, gaban malami da allo, na haddace waɗannan ba, a fuskokin mutanen garin nan na koye su.

Su kuwa mutanen, sai ka yi haƙuri da su. Wani Alhaji da na ce masa ya zo da safe bai ci komai ba, ya zo yana rantsuwa cewa bakinsa bai taɓa abinci ba. Da awon sukarinsa ya fito kamar zai fasa takarda na sake tambayarsa, sai ya ce ai shayi kawai ya sha, kofi uku, da ɗan burodi, wannan kuma ba abinci ba ne. Masuntan bakin kogi sukan zo da hannu kamar itace, jijiya a fili amma fata ta ƙi allura. Direbobi kuwa, ƙato zai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, daga bakin teku har Agadas bai ji tsoro ba, amma ya ga tsinin allura sai ya nemi a riƙe masa kai. Tambayar shekaru ita ce ta fi kowace wuya. Matar da ke da jikoki za ta dube ka ido cikin ido ta ce shekararta talatin.

Babbar na'urar da kuke dannawa yanzu, a gabana aka kwance ta daga kwali. Ƙirar Japan ce, ta zo da littafi mai kauri da aka juya zuwa Faransanci. Kowa ya rufu a kan na'ura, ni kuwa na ɗauke littafin na tafi da shi gida. A bayansa akwai shafuka cike da layuka: ga na maza, ga na mata, kowanne an raba shi bisa shekaru, daga matashi har tsoho tukuf. An rubuta cewa daga jinin manyan mutanen ƙasarsu aka samo waɗannan iyakoki. Na zauna ina gwada su da tsofaffin rajistocinmu. Lambobin ba su zo ɗaya da namu sak ba, tun da cimarmu daban, jikinmu daban. Amma inda nasu ya hau da shekaru namu ma ya hau, inda matansu suka bambanta da mazansu namu ma sun bambanta. Na kai wa Baba Sule littafin, lokacin ya riga ya ajiye aiki. Ya gyara tabarau ya daɗe yana bin layukan da yatsa.

"Ashe can ma tsohuwa tsohuwa ta," in ji shi. Ranar ce na fara ganin haƙoransa a dariya.

Na'urar tana da wata dabara da ta lalata mu duka. Kafin awo sai ka shigar mata da jinsi da shekaru, ita kuma idan lamba ta fita daga iyakar wannan layi sai ta buga ɗan tauraro a gefe. Cikin shekara guda kowa ya daina karanta lamba. A ɗauki takarda, a nemi tauraro. Idan babu, lafiya lau. Ni kaina da nake yi muku faɗa, na rage zuwa duba hannu.

Sai ga mummunar shekara, shekarar da aka rufe iyaka. Ku kun ji ta a labari, mu a kanmu ta sauka. Ruwan awo, wato sinadarin da muke gwada jini da shi, duk ta gadar Malanbil da ke kan kogi yake shigo mana, gada kuwa an toshe. Kuran, wato wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, ya ɗauke. Firigo ya mutu, rabin ruwan awonmu ya lalace cikin mako guda, sauran na zuba su a roba na binne cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi, ina yayyafa mata ruwa kamar mai renon shuka. Gurup, wato janaretanmu, ana tayar da shi ne da hantsi na ɗan lokaci, a cikinsa za a yi duk awon yini. Majo Garba, babban ma'aikacin jinya mai kula da ɗakin kwanciya, ya kafa doka: kowane mara lafiya awo ɗaya, ba maimaici. Ban ga laifinsa ba. Lokotoronmu, wato likitan asibitin, ya tafi Doso neman magani ya maƙale a can, Majo shi kaɗai ke riƙe da gadaje duka.

Wata ranar Talata aka aiko mini da kwalbar jini tare da karne, wato ɗan littafin asibiti na mara lafiya. A bangonsa an rubuta Saini, namiji, shekara talatin da bakwai, direba, daga Tunuga. Ruwan awon ƙoda da ya rage mini bai wuce na mutum tara ba. Na shigar da abin da na gani, na auna, takarda ta fito. Kireyatinin yana can kusa da bakin iyaka ta sama amma bai tsallake ba, saboda haka babu tauraro. Jan jini ne kawai ya sami tauraro, ya yi ƙasa sosai. Na sa hannu na aika.

Washegari da safe ina goge tebur abin ya dawo mini. Direba mai shekara talatin da bakwai da jini tsararo haka? Ko dai yana zubar da jini ta wani wuri ba a sani ba, ko kuwa akwai abin da ban gani ba. Na ji muryar Baba Sule a kunnena kamar yana tsaye a bayana. Na ajiye tsumma na nufi ɗakin kwanciya.

A bakin ƙofa na ce, "Ina Saini na Tunuga?"

Wani ƙato ya miƙe daga kan tabarma, kansa ya kusa taɓa rufin baranda, da kwanon koko a hannu. Ya ce ga shi. Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin nan ko masassarar kwana ɗaya babu a jikinsa.

"Kai anka ɗebi jininka jiya?"

"A'a, Hajiya. Na tsohuwarmu na."

Ya kai ni bakin gado. Wata ƴar tsohuwa ce kwance, ta dunƙule cikin zane, in ba ka lura ba sai ka ce yarinya ce. Hannunta bai fi kaurin muciya ba.

Na tambaye shi yadda aka yi sunansa ya hau jininta. Ya sunkuyar da kai. Ya ce da suka iso, mai karɓar baƙi a taga ya tambayi sunan mara lafiya, ga mutane cike a layi, har da abokansa direbobi. Shi kuwa tun da aka haife shi bakinsa bai taɓa kama sunan mahaifiyarsa ba, balle a gaban jama'a. Kunya ta hana shi. Sai ya zaro nasa karnen daga aljihu ya miƙa, a ganinsa ai gida ɗaya ne, duk wanda aka rubuta daidai ne. Mai taga ya buga hatimi ya ce na gaba.

Ban tsaya yi masa faɗa ba. Na ɗauki takardar da ke rataye a gadon. Ciwon mara da masassara suka kawo ta, an sa mata wata allura mai ƙarfi kullum sau ɗaya har kwana bakwai. Allura ce mai kyau, amma ta ƙoda take fita, idan ƙoda ta gaza sai ta taru ta ƙarasa ta. An yi mata biyu. Na tambayi Saini fitsarinta, ya ce tun jiya ɗan kaɗan ne. Ina ɗaga kai sai ga Majo Garba ya shigo da tire, ya riga ya zuƙe ta uku a sirinji.

Na ce, "Majo, dakata da allurar ga."

Ya dube ni da jajayen idanu na gajiya. "Tanti Rabi, ke kinka sa hannu ga takardar awon ƙoda. Babu tauraro."

"Babu tauraro ga direba. Dubi wadda ke kwance."

"Ni na ga tsohuwa tun shekaranjiya. Amma lamba lamba ta, kuma ba ni da wani magani da ya kai wanga. In na tsaida, masassara ta kashe ta. Kuma kin san doka, ba a sake awo."

Na ce ba na buƙatar sake awo, ya ba ni rabin awa kawai. Ya ce rabin awa, ya ajiye sirinjin a tire ya wuce gado na gaba. Na san in na dawo hannu wofi zai yi allurar, kuma ba zan iya hana shi ba.

Na durƙusa kusa da kanta. Na gaishe ta da "fofo" irin ta mutanen kogi, ta buɗe ido.

"Inna, mi sunanki?"

"Bibata," ta ce, da Hausarta ta kasuwa. Saini ya juya ya kalli bango.

"Shekarunki nawa?"

Ta ce Allah ya sani. Na tambaye ta ko ta tuna lokacin da babu gada a kan kogi. Nan take fuskarta ta saki. Ta ce ƙwarai, da jirgin ruwa ake ƙetarewa, kuma tana ƴar yarinya mai tallar busasshen kifi ta ga ana jan ƙarafan gadar, haƙoranta na gaba ma lokacin suka gama fitowa. Wannan ya ishe ni. Ta haura saba'in ba tantama.

Saura nauyinta, ga shi ba ta iya tsayuwa. Na jawo sikeli na ce wa Saini ya ɗauke ta ya hau. Ya sunkuya ya tallabo uwarsa a ƙirji kamar jaririya, ya hau, na karanta. Ya kwantar da ita, ya sake hawa shi kaɗai, na cire wannan daga wancan. Abin da ya rage bai kai nauyin buhun siminti ba. Shi kansa da ya ji, sai da idonsa ya kawo ruwa.

Na ruga labo na ɗauko littafin Japan, na yage gefen kwali na yi lissafin da Baba Sule ya koya mini tun babu na'ura: shekaru, nauyi, jinsi, da lambar jini. Na yi sau biyu don kada hannuna ya ruɗe ni. Amsa ɗaya ta fito. Ƙodar Inna Bibata ko kashi ɗaya cikin uku na aikinta ba ta yi. Na tarar da Majo a baranda, na buɗe masa shafin, na ɗora yatsa a layin maza masu shekarun Saini, sannan na zame da shi zuwa layin tsofaffin mata. Lambar da ta zauna lafiya a layin farko, a na biyu ta yi wa iyaka fintinkau. Na miƙa masa guntun kwalin.

Majo mutum ne mai taurin kai amma ba ya gardama da abin da ya gani da idonsa. Ya ciro waya ya kira lokotoro a Doso, ya karanta masa lissafina. Ina jin muryar lokotoro daga inda nake tsaye yana cewa a tsayar da allurar nan take, a ɗaura ƙarin ruwa a hankali, a koma wani magani mai sauƙi ga ƙoda, a kuma riƙa auna fitsarinta. Majo ya koma ciki, ya ɗauki sirinjin ya matse shi cikin bokiti. Maganin da ake nema ido rufe a shekarar, haka ya zubar da shi a gabana.

Kwana huɗu muna kallon robar fitsari kamar masu jiran ruwan shuka. Rana ta farko kaɗan. Ta biyu ya ɗan ƙaru. Ta uku tsohuwa ta tashi zaune ta ce kokon asibiti ba shi da yaji. Ni kuwa na ware awo ɗaya daga cikin abin da ya rage, na tura shi can ƙasan randa ban gaya wa kowa ba, ina tunanin yadda zan karya dokar Majo. Ashe ban buƙata ba. Rana ta biyar da hantsi, gurup na tashi, sai ga shi da kansa a ƙofar labo da kwalba a hannu. A jikinta ya rubuta da manyan baƙaƙe: Bibata, mace, ta haura saba'in.

"In kina da saura," ya ce, yana kallon wani wuri.

Na ce ina da shi. Muka tsaya mu biyu a kan na'ura har takarda ta fito. Lambar ta sauko sosai. Tauraron yana nan, amma ƙoda ta farfaɗo. Ban san sanda na yi guɗa a cikin labo ba, ni da nake hana mutane ɗaga murya a wurin. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba a duk shekarun aikina. Da la'asar na hau kabu-kabu na je na ba Baba Sule labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Da kin tahi tun ranar Talata." Yabon da na samu ke nan, kuma gaskiya ya faɗa.

Daga wannan mako ne dokar da kuke ƙorafi a kanta ta samo asali. Kwalba ba ta shiga ɗakina sai da suna da jinsi da shekarun mai jinin kansa. Wanda kunya ta hana shi kama sunan uwarsa ko na surukarsa, ba a matsa masa. Mai taga ne zai tashi ya je ya tambayi mara lafiyar da bakinta. Wadda ba ta san shekarunta ba, a tambaye ta gada, a tambaye ta fari da ambaliya, a tambaye ta yaushe ta daina al'ada. Kuma kowannenku sai ya je ya ga hannu kafin ya danna maɓalli, ko da kuwa za ku yi ta zagina a zuci kamar yadda na zagi Baba Sule.

Inna Bibata tana nan da ranta. Duk bayan wata uku Saini yake kawo ta awo daga Tunuga, wani lokaci da ƙunshin busasshen kifi da nake cewa ba na karɓa kuma in karɓa. Har yau bai taɓa kama sunanta ba, yana kawo ta bakin taga sai ya ja da baya. Ita ce ke zaro nata karnen daga gefen zane, ta ɗaga diddige don kanta ya kai tagar, ta faɗa da ƙarfi yadda duk layi zai ji:

"Bibata ta. Mace, tsohuwa. Rubuta da kyau, ɗana, kada ku sake maishe ni direba."